Mai Raba Ƙwallo Ba Ta Kallon Ƙasa

A kowane taro akwai wanda ake tafa wa, akwai kuma wanda ya san inda kowa yake tsaye. Na biyun nan shi ke riƙe da tafiya. Na koyar a makarantun firamare na ƙasar Isa da Sabon Birni har na ajiye aiki, ban taɓa ganin ajin da ya tashi saboda hazaƙar yarinya guda ba. Aji yakan tashi ne in an samu wadda ke lura da ƙawarta da ta zo ba fensir, ko wadda ta zo ba ta karya ba.

Ban zaci zan ga wannan darasi a ƙwallon kwando ba. Mutum biyar ne a kowane ɓangare, kuma a cikinsu akwai wadda ke ɗauko ƙwallo daga baya, ta ɗaga yatsu ta sanar da tsarin da za a bi, sannan ta miƙa wa wadda ta fi samun sarari. Daƙiƙa 24 kawai ake ba su su jefa. Sau da yawa ita ce mafi gajarta a fili, amma kowa ita yake saurare.

Wadda ta daɗe tana wannan aiki a tawagar matan Najeriya, D'Tigress, ita ce Ezinne Kalu. An haife ta a Newark ta Amurka a 1992. Ta yi karatu da wasa a Jami'ar Savannah State da ke jihar Jojiya, makarantar da ba ta cikin masu suna a wannan wasa. Daga 2010 zuwa 2015 ta tara maki sama da 2,000, kuma a shekararta ta ƙarshe suka ci kofin rukuninsu, suka shiga babbar gasar jami'o'in ƙasar karon farko. Duk da haka manyan ƙungiyoyin Amurka ba su ɗauke ta a lokacin ba. Sai ta kama hanyar cin rani: Fotugal, Hungari, Jamus, Faransa. Sannu ba ta hana zuwa. A 2019 a Dakar, Najeriya ta doke Sanigal 60 da 55 a gaban jama'arta, aka zaɓi Kalu gwarzuwar gasar Afirka.

A 2022 rikicin shugabancin hukumar wasan ya sa gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin ƙwallon kwando na duniya. Kafin a warware, gurbin da matan nan suka samu da guminsu a gasar duniya ya koma hannun Mali. Manya suka yi faɗa, yara suka biya. Mu a nan ba baƙin wannan ba ne.

Daminar 2024 kuwa ta same mu cikin baƙin ciki, Sarkin Gobir na Gatawa yana hannun 'yan bindiga. A kwanakin ne jikata ta kawo mini waya ta ce, “Kaka, dubi 'yan Najeriya.” A gasar Olamfik matan nan suka ci Ostareliya 75 da 62, suka ci Kanada 79 da 70, suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƙasashe takwas a ƙwallon kwando na Olamfik. Mai horar da su ma mace ce, Rena Wakama. Ni dai ba makin na riƙe ba. Abin da na lura shi ne Kalu tana buga ƙwallo da ƙasa amma ba ta kallonta. Hannu na aiki, kai a ɗage, ido na kan 'yan uwanta huɗu.

Na san wannan ɗaga kai. Na gan shi ga matan da suka gudo daga ƙauyuka zuwa cikin Sabon Birni, wasu har suka ƙetara ƙasar Maraɗi. Uwa tana rabon tuwon da bai isa ba, amma ta san yaron da ya ci jiya, ta san wanda ya kwana da zazzaɓi. Gobir ba yau ta san jagorancin mace ba, sarautar Inna shaida ce.

Shi ya sa nake ce wa iyaye: kada tsoro ya sa mu rufe 'ya'ya mata a ɗaki. Inda makaranta take buɗe, a tura su, kuma a bar su su yi wasa cikin suturarsu. Tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta amince a yi wasa da ɗan kwali ko hijabi. Ba kowacce za ta je Faransa ba, ba ma shi ake nema ba. Yarinyar da ta koyi miƙa wa wata ƙwallo a lokacin da ya dace, gobe za ta iya riƙe aji, ko asibiti, ko gida mai mutum ashirin. Irin waɗannan muke da ƙarancinsu, kuma a ƙuruciya ake rainonsu.