Mustafa Ali, mai sassaƙa daga Lataƙiya

Malamai ƴan'uwana da iyayen yara, yau zancen wani mai sassaƙa ɗan ƙasar Siriya na kawo, ko da yake na san kalmar mutum-mutumi kaɗai ta isa ta sa wasunmu su ɗaure fuska.

Sunansa Mustafa Ali. An haife shi a 1956 a Lataƙiya, bakin tekun Bahar Rum, kusa da kufan tsohon birnin Ugarit. Ya yi karatun zane da sassaƙa a jami'ar Dimashƙa, daga baya ya ƙaro ilimi a Karara ta Italiya, garin da ya shahara da farin dutsen marmara. Amma tagulla da itace ya fi riƙewa. Mutanensa na tagulla sirara ne, dogaye, wasu a tsaye bisa keken doki irin na mutanen da, wasu a kwance kamar masu barci ko gawa. Ba ya wahalar da kansa wajen fitar da kama. Tsayuwar jikin ce ke magana. Kawunan da yake sassaƙawa da itace su suka fi tsaya mini a rai: manya, shiru, wasu a tsage gida biyu. Wanda ya san abin da ƙasar ta shiga tun 2011 ba ya buƙatar a fassara masa wannan tsaga.

Ya mayar da wani tsohon gida a unguwar Yahudawa ta tsohon birnin Dimashƙa wurin aiki da baje koli, masu zane da matasa suna shiga suna fita. A cikin ƙasar nan ce, a 2015, ƴan Da'ish suka rusa haikalin Bel na Tadmur, suka kashe dattijo Khalid al-As'ad, wanda ya shafe kusan shekara 40 yana kula da kayan tarihin garin.

Maganar surar mai rai ba ƙarama ba ce a addininmu, kuma hukuncinta na malaman fiƙihu ne, ba na mushe mai alli ba. Damuwata tana wani wuri. A kowane aji akwai yaron da lissafi ke ba kashi, amma in ya sami laka bayan ruwan sama sai ya gina sa mai tozo da ƙaho, har ka rantse zai yi kuka. Yawanci tsawa yake sha, a taka abin da ƙafa, ba a ce masa komai ba. Alhali hannun nan shi ne hannun maƙeran Agadas, masu siffanta abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da laka, su narkar da kakin su zuba azurfa a gurbinsa. Haka ake zubin tagulla ma. Uban da bai yarda da surar mutum ko dabba ba yana da iko, sai dai akwai turmi, akwai sirdi, akwai ƙofa da adon soro irin na Damagaram da za a iya nuna wa yaron.

Ni dai a ajina ranar Juma'a akwai kwanon laka a bayan ɗaki. Iyaye biyu sun zo sun yi magana, mun zauna, ɗaya ya yarda, ɗaya ya ce ɗansa ya tsaya ga tukwane da motoci.