Wilin da Ba Za Mu Hau Ba

A Italiya da Ingila da Japan akwai wata sana'a da za ta ba yawancinmu dariya in muka ji ta karon farko: kamfani ya zauna ya ƙera sabon wilin babur fil, amma ya yi iya ƙoƙarinsa don wilin ya yi kama da wanda aka yi a shekarun 1970. Masu saye su ne mutanen da ke riƙe da tsofaffin babura kamar yadda wasu dattawanmu ke riƙe da doki, suna gogewa, suna fita da su ranar hutu, wasu har tsere suke yi da su. Kuɗin wili biyu na irin wannan ya fi kuɗin sabon babur ɗin acaɓa. Ni kuwa abin da ya haɗa ni da wannan duniyar shi ne furojek ɗinmu na shekarar ƙarshe. Mu huɗu ne a rukuni, aikinmu kuma shi ne mu zuba kwafin wilin gaba mai hannu biyar, inci 18, da alminiyam. Mun zuba guda biyu. Yau sati uku ke nan muna musu a kan abu ɗaya: a ɗaura ɗaya a babur a hau ranar kare furojek, ko kada a hau. Ni ina ɓangaren kada a hau, kuma tunda maganar ta fara yawo a hostel har wasu na ce mini matsoraci, gara in faɗi dalilina a nan kowa ya karanta.

Kafin shekarun 1970 kusan kowane babur wili mai waya yake da shi, irin na keke, wanda har yau muke gani a ƙarƙashin Boxer. Da injuna suka ƙara ƙarfi, birkin faifai ya shigo, sai masu tsere suka fara neman wilin da ba ya lanƙwasa a kwana kuma ba sai an riƙa ɗaure masa wayoyi ba. Kamfanin Campagnolo na garin Vicenza a Italiya, wanda aka fi sani da kayan keken tsere, ya shiga zuba wili da magniziyam, aka riƙa ganinsu a ƙarƙashin Ducati da MV Agusta. A Amurka akwai Lester, da ke sayar wa mutane wilin zubi su cire mai waya su sa. A 1976 Yamaha RD400 ta fito da wilin zubi tun daga kamfani, tana cikin na farko-farko da suka yi haka. Honda kuwa ta bi wata hanya a 1977 da wilin da ta kira Comstar, wanda ba zubi ɗaya ba ne: bakin daban, hannuwan daban, aka haɗe su da kusoshin da ba a kwancewa. Wata babbar riba ita ce tunda babu ramukan waya a baki, iska ba ta da hanyar fita, don haka za a iya sa tayar tublas.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na shiga karatun shi ne dalilin da ya sa ake yin kwafin. Mu nan in an ce kwafi, jabu muke ji, abin da bai kai na asali ba. A wannan harkar sau da yawa kwafin ya fi na asalin aminci. Magniziyam ba shi da nauyi, kusan kashi biyu cikin uku na nauyin alminiyam ne, amma damshi na cinsa, musamman inda fenti ya ɓare ko inda ya haɗu da ƙarfe. Wilin da ya shekara arba'in ko hamsin yana iya yin kyau a ido alhali ya ruɓe a wuraren da ba a gani. Saboda haka mai tsohuwar Ducati sai ya cire wilin asali ya rataye a bango, ya sayi sabon kwafi daga kamfani irin Marvic, shi ma na Italiya, ya hau da shi. Siffar ta 1970 ce, amma ƙarfen da gwajin na yau ne.

To mu siffar muka iya kwafa, ita ma ba da sauƙi ba. Tunanin farko da ke zuwa wa kowa shi ne a samo tsohon wili a danna shi cikin yashi, a cire, a zuba narkakken alminiyam a gurbin. Ba ya yiwuwa. Alminiyam yana tsukewa idan ya huce, wajen kashi 1.3 cikin ɗari. Inci 18 milimita 457 ne, ka ga kwafin zai fito ƙasa da na asali da kusan milimita 6, kuma bakin wili wuri ne da taya ke zama daram, ba a wasa da milimita ɗaya a wurin. Dole muka sassaƙa samfur na katako wanda ya ɗan fi girma, muka ƙara kauri a inda injin sassaƙar ƙarfe zai ci, wato baki da mazaunin boris. Wannan ya ci mana wata guda, kuma a gaskiya ina alfahari da shi. In ka ga wilin bayan an goge shi, wallahi za ka ce daga kwali aka ciro shi.

Sai dai ido ba ya ganin abubuwa uku, kuma su ne ke ɗauke da mutum.

Na farko gamin ƙarfen. Kamfanonin wili yawanci suna amfani da wanda ake kira A356: alminiyam da silikon wajen kashi 7 cikin ɗari, da ɗan magniziyam da bai kai rabin kashi ɗaya ba, sannan baƙin ƙarfe kada ya wuce kashi 0.2. Mu a wurin 'yan gwangwan muka sayi namu. Mun yi ƙoƙari mun zaɓi fasassun wilin mota kawai, domin su ne suka fi kusa da abin da ake so, muka ƙi fistin da gwangwanin lemo da firam ɗin taga, waɗanda kowanne gaminsa daban. Duk da haka babu wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke cikin tukunyarmu. Ludayin ƙarfen da ake juyawa da shi ma yana narkewa kaɗan-kaɗan a ciki, kuma baƙin ƙarfe idan ya yi yawa a alminiyam yana zama wasu siraran allurai masu gautsi, daga nan tsaga ke samun hanya.

Na biyu iska. Alminiyam na narkewa a digiri 660, ana zuba shi sama da 700, kuma a wannan zafin yana shan iskar haidurojin daga duk wani damshi, na yashi ne, na kayan aiki ne, ko na iskar damina. Da ya fara daskarewa sai ya tofar da ita, ta maƙale a ciki ta zama ƙananan ramuka. Manyan masana'antu suna busa iskar agon ko naitirojin cikin narkakken ƙarfen don su kore ta. Tun farko mun tsara cewa wili ɗaya na yanka ne, don haka muka sa zarto muka raba shi, muka goge fuskar. A inda hannu ke haɗuwa da cibiya, wurin da ya fi kauri kuma ya fi jinkirin hucewa, ga ramuka nan kamar cikin burodi, wasu kamar kan allura, biyu kuwa ƙwayar gero za ta zauna a ciki. Wili na biyu daga tukunya ɗaya ya fito, rana ɗaya, yashi ɗaya. Ban ga dalilin da zai sa in ɗauka cikinsa ya bambanta ba.

Na uku gashi. A356 da aka zuba aka bari haka bai kai ƙarfinsa ba. Sai an mayar da shi tanderu a wajen digiri 540 na sa'o'i masu yawa, a tsoma shi a ruwa nan take, a sake gasa shi a wajen digiri 155 na wasu sa'o'in. Wannan ne ake kira T6. Yana buƙatar tanderun da wili sukutum zai shiga, mai riƙe zafi daidai ba hawa ba sauka, domin in ya ɗan zarce, ƙarfen zai fara narkewa daga ciki. Yana kuma buƙatar wutar lantarki da ba za ta ɗauke a tsakiyar aiki ba, kuma a nan ba sai na yi wa kowa dogon bayani ba. Namu wilin bai ga T6 ba.

Abokin musuna, wanda shi ne ya fi kowa wahala a aikin yashi, hujjarsa ita ce mun ɗora buhunan siminti uku a kan wilin bai ko motsa ba. Haka ne. Amma wili ba a tsaye yake mutuwa ba. Taya a kan wili mai inci 18 tana cin kusan mita 2 a kowane juyi, wato juyi 500 a kilomita ɗaya. Daga Kaduna zuwa Zariya, kilomita 80 ko kusa da haka, juyi 40,000 ke nan, kuma a kowane juyi kowane hannu sai an danne shi an sake shi. Ramin da ƙwayar gero za ta zauna a ciki shi ne inda tsaga ke farawa, ta yi ta tafiya a ɓoye har ranar da ragowar ƙarfen ya kasa. Wili mai waya idan ya faɗa rami lanƙwasa yake yi, ka lallaɓa zuwa wurin mai gyara. Na zubi karyewa yake yi, kuma na gaba muke magana.

Kada wani ya ce raina kanmu nake yi. BMW ma, da duk injiniyoyinsa da ɗakunan gwajinsa, sai da ya janye wasu wilolin gaba na zubi masu inci 19 a shekarun 1980, waɗanda masu babur ke yi wa laƙabi da sunan ƙanƙarar da ke sauka a ƙasashen sanyi saboda zanensu, ya musanya su da waɗanda aka ƙara wa ƙarfi. Shi ya sa ake da ƙa'idoji. Japan na da tambarin JWL da ake bugawa a jikin wili, akwai kuma ISO 8644 da ta tsara yadda ake gwada wilin babur: a juya shi da nauyi a gefe kamar yana kwana, a juya shi a kan ganga da nauyi daga sama, a murɗa shi kamar ana taka birki, a sako masa nauyi ya daki bakinsa. Kuma wilin da aka gwada ba a sayar da shi, an riga an kashe shi.

Na kai rabin wilin da muka yanka wurin wani dattijo mai zubin tukwane, wanda ya ba mu shawara a kan yashi tun farko. Ya juya shi, ya kankare ramukan da farce. Na ce, "Baba, kai da ka shekara talatin kana zubi, za ka hau wannan?" Ya ce, "Ɗana, ni tukunya nake yi. In ta yi rami, miya ce za ta ɗiga, a dawo mini da ita in toshe." Bai ƙara komai ba, ya miƙo mini abina. Masu irin hannunsa suna da yawa, duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya ga abin da ake fitarwa daga tarkace da gawayi. Abin da ba su da shi, mu ma ba mu da shi, shi ne na'urar da za ta faɗa maka abin da ke cikin ƙarfe da wadda za ta leƙa cikinsa ba tare da an yanka ba.

Akwai wata hujjar abokina da ta fi ta siminti nauyi, kuma ban raina ta ba. Ya ce mini, "Mutumina, in kullum sai mun jira kayan Turawa kafin mu yarda da abin da muka yi da hannunmu, har mu tsufa muna zana wili a takarda." Ya ce ɗakunan ajiya na makarantu cike suke da furojek da ba a taɓa kunnawa ba, ƙura na cinsu. Wannan gaskiya ce mai ciwo, ni ma ba na son namu ya shiga layinsu. Inda muka rabu shi ne, shi yana ganin zagaye ɗaya a filin makaranta gwaji ne, ni kuwa ina ganin ba zai nuna komai ba. In wilin bai karye ba, juyi ɗari biyu ko uku kawai ya yi, za a tafa, wani ya ɗauki bidiyo ya sa a TikTok, washegari wani ya zo yana neman mu zuba masa. In kuma ya karye, haƙoran ɗayanmu ne.

Wannan karatun ya canza yadda nake hawa acaɓa. Yanzu kafin in hau ina duban wilin gaba. Baburan zamani da yawa da wilin zubi suke zuwa, kuma sau da yawa za ka ga wanda ya tsage an kai an yi masa walda an shafa fenti. Zafin walda yana warware gashin da kamfani ya yi wa ƙarfen, wurin da ke kewaye da ɗinkin ya koma laushi, ko da ɗinkin ya yi kyau. Na san mai babur ba don ganganci yake yi ba, sabon wili kuɗi ne, ga balas na jiransa da yamma. Amma in na ga tudun walda a gindin hannun wili, ina ba shi haƙuri in jira na baya. Kawuna kuwa, mai tsohuwar Honda Roadmaster da ta girme ni nesa ba kusa ba, da na nuna masa hoton wilinmu ya yaba, sannan ya ce tasa dai a bar ta da wayoyinta, domin duk garin da ya shiga akwai mai ɗaure waya.

Malamin da ke duba aikinmu ya saurari ɓangarorin biyu, ya ce mu kawo abin da za mu iya karewa da lissafi. Don haka mun haɗa kuɗi mun sayi ruwan gwajin tsaga, jan nan da ake fesawa a goge, a bi da farin hoda, duk inda akwai tsaga ja ya fito. Muna kuma haɗa wata 'yar na'ura da tsohuwar motar injin markaɗe da ganga ta ƙarfe, wadda za ta juya wili na biyu da nauyi a kansa cikin keji, da mita mai ƙirga juyi, har ya tsage ko mu gaji. Abokina ne ke yin waldar kejin, yana yi yana mita. Ya ce wilin zai wuce juyi dubu ɗari biyar, na ce ba zai kai ba, wanda ya faɗi zai sayi tsire na mutum huɗu. Ranar Litinin za mu kunna, in an kawo wuta.