Ranar Da Muka Yi Wa Kanmu Hisabi

Yau wani abu ne da ya faru da ni na kawo muku, wanda na daɗe ina juya shi a raina kafin in iya rubutawa. Ku yi mini afuwa ba zan faɗi sunana ba, dalilin zai fito da kansa a gaba.

Ni dai Bahaushe ne, ina tuƙa tasi a birnin New York, ina zaune a Bronx inda mutanenmu na Nijar da Gana da Nijeriya suke da yawa. Kuma ni mashayi ne. Na san kalmar za ta yi wa wasu nauyi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Giya ta kama ni a ɓoye shekara da shekaru, sai da ta kusa raba ni da iyalina da lasisin tuƙina. A 2016 Allah Ya ji ƙaina na ajiye ta, sanadin kuwa wata ƙungiya ce da ake kira Alcoholics Anonymous, ko AA a taƙaice, wato taron mashayan da ba sa bayyana sunayensu.

Ga wanda bai san ta ba, mutum biyu ne suka kafa ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohio: Bill Wilson, ɗan kasuwar hannun jari, da Bob Smith, likitan tiyata, dukkansu giya ta gama da su. Abin da suka gano shi ne, mashayi yana samun ƙarfin kamewa idan yana taimakon ɗan'uwansa mashayi. A 1939 suka fitar da littafin da ya ƙunshi matakai 12 na farfaɗowa, a 1950 kuma aka amince da ƙa'idoji 12 na tafiyar da rassa. Ba a biyan kuɗin rajista, ba a karɓar gudummawar wanda ba ɗan ƙungiya ba, sharaɗin shiga ɗaya ne tak: mutum ya so daina sha.

Namu reshen kowace Talata da dare muke haɗuwa a ɗakin ƙasa na wani coci da muke haya. Kwando ake zagayawa da shi, mai dala ɗaya ya jefa, mai biyu ya jefa, marar shi ya miƙa gaba. Ayyukan hidima kuwa kowa da nasa, ba albashi: sakatare, ma'aji, mai dafa kofi, mai jera kujeru, wakilin da ke kai muryarmu taron gunduma, sai mai tarbar baƙi a bakin ƙofa. Wannan na ƙarshen ni ne na riƙe shi, na kuma riƙe shi da alfahari.

Mataki na huɗu a cikin matakan nan shi ne mutum ya zauna ya yi wa kansa bincike ba sani ba sabo, kamar yadda mai shago ke rufe ƙofa ya ƙirga kayansa, ya ware mai kyau da wanda ya lalace. Malamanmu muhasaba suke kiransa. To ashe reshe ma yana yin irin wannan ƙidaya, mu ne dai ba mu taɓa yi ba. A 2022, bayan mun dawo ɗakinmu daga zaman Zoom da annobar korona ta tilasta mana, wata dattijuwa da ta fi kowa daɗewa a cikinmu ta ce lokaci ya yi.

Aka sa wata Asabar da yamma. Aka gayyato wani mutum daga wani reshe ya ja ragamar zaman, domin ba ya da ɓangare a cikinmu. Ya shimfiɗa doka: kowa zai yi magana bi da bi, minti biyu, ba mai katse wani, ba mai mayar da martani, ba kuma za a yanke hukunci a ranar ba. Sakatare zai rubuta abin da aka ce, ban da sunan wanda ya ce. Sannan ya shiga jefo tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Don me reshen nan yake? Ana juya ayyuka ko wasu sun kankane? Kuɗin kwando ina suke zuwa? Ana kiyaye sirrin mutane?

Da farko abin daɗi, muna ta yabon kanmu. Haya a biye, ɗaki a cike, kofi da zafi. Can sai mutumin ya ce: "Baƙin da ke zuwa muku, suna dawowa?"

Ɗakin ya yi tsit. Da aka yi ta tuno fuskokin da suka ɗaga hannu a shekarar a matsayin sababbi, waɗanda suka dawo ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wasu suka fara cewa ai ba su shirya daina sha ba ne. Sai layi ya zo kan wani saurayi da bai daɗe da cika kwana 90 ba. Ya ce sati uku na farko, da zarar an tashi kowa sai ya nufi abokinsa, shi kuwa ya tsaya jikin tukunyar kofi shi kaɗai kamar an dasa shi. Ya ce ba don ba ya da wurin zuwa ba da tuni ya gudu.

Ni kuwa tun da aka yi tambayar gabana ke faɗuwa, domin na san abin da ba wanda ya sani. Wani dare na hunturu ina tsaye a ƙofa, sai ga wani yaro matashi ya tsaya a kan matakala yana waya. Na ji ya ce, "To Inna, sai da safe, a gaida su Baba." Hausa ce tsantsa, har da karin harshen Damagaram. Wallahi jikina ya yi sanyi. Nan take na hango labarina ya isa masallacinmu, ya isa majalisar 'yan tasi, ya bi WhatsApp har gida. Sai na janyo hulata na rufe goshi, na gaishe shi da Turanci a gurguje, na nuna masa kujera can baya. Kafin a tashi na sulale. Bai sake dawowa ba. Ni da aka ajiye don in buɗe ƙofa, ni na rufe ta a fuskar wanda ya fi kowa buƙatar jin "sannu da zuwa" da harshen uwarsa.

Da layi ya zo kaina na faɗi wannan duka, murya na rawa. Ba wanda ya ce mini uffan, saboda doka ta hana. Mai jan zaman ya ce an gode, ya wuce kan na gaba. Wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Bayan sati biyu muka zauna zaman shawara a kan abin da sakatare ya rubuta. Aka amince kowane aiki wata shida ne a sauka, ban da wakilin gunduma da ke yin shekara biyu. Ma'aji zai riƙa karanta lissafi duk wata, a ajiye kuɗin haya na wata uku saboda ɓacin rana, rarar a tura wa gunduma da babban ofishin hidima. Masu tarbar baƙi su zama biyu, namiji da mace. Minti goma na farko bayan an tashi na baƙo ne, hirar abokai ta biyo baya. Tunatarwar nan ta cewa abin da aka gani a ɗakin a ɗakin zai tsaya, wadda muke karantawa a ƙarshe, aka dawo da ita farko, domin mai tsoro ba ya kaiwa ƙarshe.

Akwai shawara ɗaya da ta koya mini wani abu. Aka ce a riƙa karɓar suna da lambar wayar baƙo don a bi sawunsa, mafi yawanmu muka ɗaga hannu. Amma al'adar ƙungiyar ita ce, bayan ƙuri'a sai a saurari waɗanda aka kayar. Wata mata ta ce da an nemi lambarta ranar farko, da ba a sake ganin ƙeyarta ba. Aka sake ƙuri'a, aka juya abin: mu za mu ba baƙo lambobinmu a takarda, maza ga maza, mata ga mata, in ya ga dama ya kira.

Ni kuma aka sauke ni daga ƙofa aka ba ni jera kujeru. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya sosa mini rai, sai da na kwana biyu ina ƙunci kafin na gane cewa na fara ɗaukar ƙofar nan tamkar sarautar gado. Da wata shida ya cika muka sake zama muka duba. Wasu gyare-gyaren sun kama, wasu ba su kama ba. Takardun lambobin waya, alal misali, suna nan jibge a akwati, domin mun yanke a bayar amma ba mu ce wa zai bayar ba. Aka ɗora wa masu ƙofa. Saurayin nan na jikin tukunyar kofi shi ne ya karɓi ƙofar, kuma ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba.

Yaron Damagaram kuwa, wata Juma'a na hango shi bayan an sallame yana neman takalminsa. Na daɗe ina kokawa da zuciyata kafin na ƙarasa.

"Ƙanena, barka da Juma'a."

Ya dube ni, ya sake dubana. "Yaya, ashe kana jin Hausa?"

Na ce, "Ina ji. Tsoro ne ya sa na yi maka abin da na yi, ka yafe mini. Muna nan ranar Talata ƙarfe bakwai. Asirinka yana hannuna, nawa ma yana hannunka."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah Ya rufa mana asiri baki ɗaya." Ya karɓi lambata.

Har yau da nake wannan rubutu bai kira ba, bai kuma zo ba. Amma duk Talata idan na jera kujeru nakan bar guda ɗaya kusa da ƙofa, inda mai jin kunya zai iya zama ba tare da ya ratsa jama'a ba.

'Yan'uwa, da yawanmu muna cikin ƙungiyoyi, ta marubuta ko ta unguwa ko ta masallaci. Ƙarshen shekara mukan karanta nasarori a tafa. Ku gwada sau ɗaya ku tambayi kanku wa ya zo muku ya koma bai dawo ba, kuma wa ke tsaye a ƙofa ranar. Allah Ya shirye mu, Ya shirya mana zuri'a. Wassalam.