Ɗigon Mai A Wayar Kuloci

Mu ɗaliban da muka fito daga ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, ba sai an gaya mana darajar babur ba. A kansa ake kai gero da riɗi kasuwa, a kansa ake ɗauko taki, a kansa kuma yawancinmu muke isowa bakin titi da akwatunanmu ranar komawa makaranta. Idan ciwo ya tashi da dare a ƙauye, kafin a sami mota, babur ne yake kai mara lafiya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Amma duk wannan hidima ta rataya ne a kan wata siririyar waya wadda kaurinta bai fi na tsinken ashana ba. Ita ce wayar kuloci, kuma a kanta muke so mu yi magana da ku a wannan shafi.

Wayar ta taso daga hannun hagu na babur, ta bi ta gefen tanki, ta sauka jikin inji. Kashi biyu ce: akwai igiyar ƙarfe da aka tufka da ƙananan silalai, akwai kuma kuben da take gudana a cikinsa. In mai tuƙi ya matse hannun kuloci, sai igiyar ta ja wani ɗan ƙarfe a jikin inji, faya-fayan kuloci su rabu, ƙarfin inji ya daina zuwa tayar baya, sa'an nan a sa giya. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani mutum mai suna Ernest Bowden ne ya yi mata rajista a Ingila a 1896, domin birkin keke. Har yau ita ce a jikin Jincheng da Bajaj Boxer da suke yawo a hanyoyinmu.

A ƙasarmu wannan waya tana da maƙiya biyu. Da hunturu, ƙura takan shiga ta bakin kube, ta haɗu da tsohon mai, ta zama kamar yashi, kullum tana cin igiyar. Da damina kuma ruwa yakan shiga ya kwanta a inda wayar ta lanƙwasa, ya kawo tsatsa. Wayar ba ta tsinkewa ba tare da gargaɗi ba. Da fari hannun kuloci yakan yi tauri, sai ya riƙa ƙara in an matse shi, daga baya ya ƙi komawa da sauri in an sake shi. Bayan haka silalan sukan soma tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, yawanci kusa da ɗan dunƙulen da ke maƙale a hannun.

Abin da ya sa muka ɗauki wannan magana da muhimmanci ya faru ne a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, a gidan maƙwabcin wani ɗan ajinmu. Yaro ya kamu da zazzaɓi mai tsanani cikin dare, uban ya ɗauke shi tare da uwar a babur. Ba su kai titi ba waya ta tsinke a cikin rairayi, babur ya mutu. Sai da uban ya koma da ƙafa ya tashi wani mai babur daga barci. An kai yaron, ya kuwa sami sauƙi, amma da aka duba wayar washegari, an iske ta bushe ƙamas, ta yi ja da tsatsa. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

To, ga yadda muka koyi aikin a wurin wani bakanike, kuma kowannenmu ya gwada shi a gida lokacin hutu. Abin da ake bukata kaɗan ne: sifana, filaya, tsumma, 'yar leda, zaren roba, sabon baƙin mai kamar cokali biyu, da ɗan giris. A kafe babur a inuwa, a kashe shi. A janye robar da ta rufe gindin hannun kuloci, a sassauta noti, a murɗa abin saiti ciki har wayar ta yi sako-sako. A daidaita tsagar notin da ta abin saitin, a zaro wayar, a fitar da dunƙulen daga raminsa.

Kafin a zuba mai, sai a duba igiyar da kyau. In an ga ko da sili ɗaya ya tsinke, mai ba zai gyara ta ba, sai dai a sayi sabuwa. In lafiya take, a yanke kusurwar leda, a zura kan wayar, a ɗaure ledar a jikin kube da zaren roba, ta zama kamar mazurari. A ɗaga wayar sama, a zuba man a ciki, a riƙa jan igiyar ana mayarwa a hankali. Aikin yana son haƙuri. Ba a gama ba sai an ga mai ya ɓullo a ƙarshen da ke jikin inji. Da farko zai fito baƙi da datti, sai a ci gaba har ya yi haske. Daga nan a goge, a shafa giris a dunƙulen da raminsa, a mai da kome wurinsa.

Saiti shi ne mataki na ƙarshe, kuma nan ne mutane suke gaggawa. Dole a bar wa hannun ɗan wasa, kamar milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa, kafin ya soma jan waya. In an ɗaure shi tam, faya-fayan za su riƙa zamewa su ƙone. In wasan ya yi yawa, giya ba za ta shiga da sauƙi ba, babur kuma zai riƙa jan jiki ko an matse hannun.

Akwai abubuwa uku da bakaniken ya gargaɗe mu a kansu. Kada a yi amfani da man da aka juye daga inji, domin cike yake da garin ƙarfe. Kada a zuba man gyaɗa, gama yakan daskare ya yi danƙo. Sa'an nan waɗansu sababbin wayoyi suna da shimfiɗar roba mai santsi a cikin kuben, waɗanda masu ƙera su suka ce ba sa bukatar mai, don haka a tambaya wajen saye.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane mai babur yana lissafin kuɗinsa sau biyu. Iyayenmu suna biyan kuɗin makarantarmu daga abin da babur ɗin nan ya kai kasuwa. Ba mu da kuɗin da za mu taimake su da shi tukuna, amma muna da hannu, muna da rabin awa. Sau biyu a shekara ya isa farawa: ɗaya bayan hunturu, ɗaya bayan damina.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai maza da mata, idan kun isa gida wannan hutu, bayan kun gai da iyaye kun huta, ku je ku matse hannun kulocin babur ɗin gidanku. In kun ji tauri, ku nemi izinin Baba, ku ɗauko leda da cokalin mai.