Ƙanenmu Da Motoci Uku

Jama'a, a watan jiya ne ƙanenmu da ke zaune a birnin Hamburg na ƙasar Jamus ya aiko mana da hotunan motoci uku ta waya, ya ce: "Yaya, kai ne malamin lissafi, zaɓa mini ɗaya." Shekara 19 ke nan yana aikin ƙarfi a can, yanzu kuma ya yi niyyar dawowa gida Kumasi, yana so ya shigo zango da motar da za a kalla a ce lallai boga ya dawo. Dukkan ukun manyan motoci ne irin masu tsayi ɗin nan, kuma babu wadda ke shan fetur ko gas a cikinsu, wutar lantarki kawai suke sha.

Ba za mu ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa mana a zuciya ɗan kishi ne. Mu da muka fito kwalejin horon malamai muka shekara 20 muna riƙe da alli, har yau tirotiro muke shiga zuwa makaranta, ga shi yaron da muka koya wa jimla da ɗebewa yana tambayarmu wace zai saya cikin BMW iX da Audi Q8 e-tron da Tesla Model X. To, amma da muka natsu sai muka ga maganar ba ta wasa ba ce, domin gumin shekara 19 ne zai zuba a abu guda, alhali rufin ɗakin Inna yana yoyo tun daminar bara. Sai muka ɗauki takarda da biro kamar yadda muka saba.

Da farko mun bi asalin kowacce. Tesla Model X ta fito a 2015, ita ce mai ƙofofin baya da ke ɗagawa sama kamar fiffiken tsuntsu, kuma akwai mai ɗaukar mutum bakwai. Audi ta fara fitowa da sunan e-tron kawai, daga baya aka sake mata suna, kuma a watan Fabrairu na 2025 aka rufe masana'antar Brussels inda ake ƙera ta. Saboda haka ne ma ƙanenmu ya same ta da rahusa a hannun masu sayar da na hannu. BMW iX kuwa a 2021 ta fito, babbar cikinsu tana da batir mai ɗaukar sama da yunit 100, wato irin yunit ɗin nan da mitar gida take ƙirgawa, kuma a gwajin Turai an ce tana tafiyar kilomita 600 da ɗoriya kafin ta nemi caji.

A nan ne lissafi ya shigo. Soket ɗin bango na gida yana ba mota wajen yunit biyu da ɗan kai a awa guda. Raba 100 da wannan, sai ka ga fiye da awa 40 kafin batir ya cika daga ƙasa, kusan kwana biyu ke nan. In an kafa akwatin caji na musamman mai ba da yunit 7 a awa, sai abin ya dawo wajen awa 15, amma sai an sake wayoyin gidan, domin tsofaffin wayoyin gidanmu na haya da na gado ba don wannan nauyi aka sa su ba. Manyan wuraren caji masu sauri kuwa suna kai batir kashi 80 cikin 100 a cikin kamar rabin awa, sai dai a Jamus ne suke birjik a bakin hanya.

Sai muka auna hanyoyinmu. Daga Kumasi zuwa Ankara wajen kilomita 250 ne, kowacce cikin ukun za ta je ba fargaba. Zuwa Tamale, inda dangin Inna suke kuma ba ma fashin biki ko ta'aziyya, wajen kilomita 380 ne. Adadin da ake rubutawa a takardar mota an auna shi ne a ɗakin gwaji da yanayi mai sanyi-sanyi. Ka cika ta da mutane da buhunan doya, ka kunna na'urar sanyaya mota a zafin watan Maris, dole tafiyar ta ragu. Za a isa Tamale, amma dawowa sai an kwana ana caji, kuma sai in akwai wuta. Wanda ya ga dumso na 2015, lokacin da ake ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12, ba ya yi wa wutar lantarki rantsuwa, ko da yake muna da Akosombo tun 1965 da Bui tun 2013.

Tambaya ta uku ita ce ta gyara. Mun taka har Suame Magazine wurin wani tsohon ɗalibinmu da ya zama fita, muka nuna masa hotunan. Ya yi dariya ya ce: "Malam, taya da birki da ƙafa duk namu ne, amma batirin nan wutar cikinsa ta kai ta kashe mutum, ba na sa hannu sai na koyo." Ya kuma tuna mana cewa batirin a ƙarƙashin motar yake shimfiɗe, motar kuma ta kai tan biyu da rabi, don haka ramukan hanya da tudun rage gudu ba abokanta ba ne. BMW da Audi suna ba da lamunin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000, to amma mai sayen ta hannu ya sani an riga an ci wani abu daga ciki.

Wani abokinsa da ke Amurka ya ba shi shawarar ya sayo daga can. Muka ce a yi hattara, domin bakin cajin motocin Amurka daban yake da na Turai, mu kuwa ƙarfin wutarmu irin na Turai ne. Ta Ingila ma ba ta taso ba, tunda sitiyarinta a dama yake, mu kuma tun 1974 muka koma tuƙi a hannun dama.

Ga amsar da muka aika masa. Audi mun ajiye ta gefe, don abin da aka daina ƙerawa kayan gyaransa sai sun yi wuya a nan gaba. Tesla ƙofofinta sun burge yaranmu, amma mu ƙurar hunturu muka tuna, da yawan na'urorin da ke ɗaga su. In dole sai ɗaya, BMW muka nuna, saboda nisan tafiyarta. Amma muka sa sharaɗi: a fara gyara rufin Inna, a sake wayoyin gida, a sa faifan hasken rana da akwatin caji, sannan mota ta hau jirgi zuwa Tema. Da ma Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ya yi kwana uku bai amsa ba, har muka ɗauka ya yi fushi. Ran na huɗu ya bugo ya ce: "Yaya, na ji. Zan zo a watan Disamba, mu hau bas mu je Tamale tare, mu ƙirga wuraren caji da idonmu." Muka ce madalla. Kafinta kuma ya riga ya zo ya auna rufin, jibi zai kawo kwano.