"Zan Maka Shi a Kotu!" To, Wa Ke da Ikon Kai Ƙarar?

Duk wanda ya saba zama a ofisoshin 'yan fim na Zoo Road, ko majalisun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ya san wannan furucin. Da zarar wani ya hau mumbari ko ya shiga rediyo ya ce 'yan fim duk 'yan iska ne, sai ka ji ƙaramin jarumi ya miƙe yana huci, wai gobe sai kotu. Goben kuwa ba ta zuwa.

Ba tsoro kaɗai ke hana shi ba, har da doka. A shari'ar neman diyya, sai mai ƙara ya nuna cewa da shi ɗin ake, ko an ambaci sunansa, ko an siffanta shi yadda jama'a za su gane shi. Wanda ya yi wa industiri kuɗin goro bai kama sunan kowa ba, don haka da wuya mutum guda ya ci ko sisi a kansa. Abin da ciwo, domin ita jarumar da saurayi ya fasa aurenta saboda maganar ta san inda ta taɓa ta.

Amma akwai wata ƙofar. Sashe na 391 na dokar Final Kod ya amince ana iya ɓata sunan kamfani ko ƙungiya, har ma da mamaci idan maganar za ta sosa ran iyalansa. Sashe na 392 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. A 2010, wasu 'yan fim na Kaduna sun kai shugaban Hukumar Tace Finafinai ta Kano na lokacin, Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, kotun majistare, suna zarginsa da ɓata masu suna a wata hira da ya yi a tashar DITV. Ko ba komai, sun nuna ɗan fim ma yana iya tsayawa a ɓangaren masu ƙara.

Ƙazafi kuma babinsa daban. Wanda ya jefi 'yar wasa da zina bai kawo shaidu 4 ba, bulala 80 ke jiransa a kotun Musulunci. Sai dai haƙƙin nata ne, ba na masoyanta ba. Kulob ɗin 'yan kallo, komai yawansu, ba za su shigar da ƙarar a madadinta ba. Ita za ta tsaya gaban alƙali a maimaita kalmar nan a bainar jama'a, wanda shi ya sa da yawansu ke haɗiye abin su ce sun bar wa Allah.