Dajin da Ke Ƙarƙashin Gona

Na kai shekarun da matasa ke kawo mini damuwarsu, kuma na lura yawancinsu tun a tambayar da suka zo da ita suke ɗaure kansu. "Baba, ina zan samo jari?" "Baba, wa zai taimake mu?" Amsar irin wannan kullum a hannun wani take. Idan na ji haka sai in ba su labarin itatuwan Maraɗi, don abu ne da ya faru a gaban idonmu.

Bayan farin 1973, abin da hukuma da ƙungiyoyin agaji ke tambaya shi ne: itace nawa za mu dasa mu tare hamada? Aka buɗe wuraren renon dashe, aka yi ta rabon dogon yaro da turare. Damina na wucewa awaki su ci wani, gara ta ci wani, iska ta binne saura da rairayi. Kaɗan ne ke ganin baɗi. Sai a zauna a ce a ƙaro kuɗi, a ƙaro shinge, a ƙaro ban ruwa. Mutanen nan ba ragwaye ba ne, sun yi gumi ƙwarai, amma tambayarsu ta kafe idonsu a kan dashe, ba su ganin komai sai shi.

A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya tsaya a hanya yana rage iskar taya don kada motarsa ta kafe a yashi. Idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro irin wanda ya cika gonaki. Ya matsa ya duba ganyen, sai ya ga ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai. Daga ranar tambayarsa ta koma: me ke hana itatuwan da ke nan girma?

Amsar tana hannun kowane manomi. Kafin ruwa ya sauka muna fita sassabe, mu sare tohon kalgo da sabara da gawo, mu tara mu ƙone, domin a lokacin gona fes ita ce shaidar manomin kirki. Sabuwar dabarar, wadda aka sa wa suna sassaben zamani, ba ta buƙatar komai sai adda. Ka durƙusa gaban kututture, ka zaɓi toho mafi ƙwari da miƙewa, ɗaya ko 'yan kaɗan, ka datse sauran, ka aske ƙananan rassan ƙasa, ka bar shi. Saiwar ta daɗe da kaiwa ga laima, saboda haka yana tashi da saurin da dashe ba ya yi.

A ganina tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce wadda aka daɗe ba a yi wa talaka ba: don me ba ka barin itace a gonarka? An ɗauka jahilci ne. Alhali dokar daji da aka gada daga Faransa ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, har mai gona kan biya tara idan ya sari reshen abin da ya tsiro a gonarsa. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? A yunwar 1984 an ba mutane hatsi a kan su bar toho ya tashi, kuma da rabon ya ƙare da yawa suka koma sara. Waɗanda suka bari suka samu itacen girki a kusa, da abincin dabbobi da rani, iska ta daina tone musu shuka. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ga taki a gindinsa. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Da aka sassauta dokar, manomi ya tabbata itacen nasa ne, abin ya bazu ba tare da an roƙi kowa ba.

Masu nazarin hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 suka farfaɗo ta wannan hanya, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Yanzu da itatuwan suka girma, wata rigimar ce ta taso: masu saran dare, da saɓani tsakanin mai gona da makiyayi a kan sassake rassa. Nan ma ina jin ana ta tambayar yadda za a kama ɓarawo. Ni da za a ji tawa, a zaunar da makiyayin a tambaye shi abin da shanunsa ke ci a watannin bazara, a tambayi matar da ba ta da gona inda take samo itacen girki, kafin kwamitin gari ya yanke tara.